Yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin kuɗi da ƙaramar kyamara

Jikan Fatake:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Makonni uku da suka wuce muna gyara ɗakin kakanmu, Allah Ya jiƙansa, sai muka tarar da wani gwangwani a ƙasan adaka, cike da kuɗin da: aninai, kwabbai masu huji, taro, sisi, sulalla, fataka guda biyu, da wata babbar azurfa mai hoton mace wadda aka rubuta wa 1780. Mu jikokinsa muna da yawa kuma mun watsu a garuruwa, shi ya sa na yi niyyar in ɗauki hoton kowane ɗaya gaba da baya, in aika wa kowa, kafin a yanke shawarar inda za a adana su. Abin da nake da shi wata ƙaramar kyamarar aljihu ce ta Canon, mai megafiksel 12, wadda na saya tun kafin wayoyi su karɓe aikin hoto. Na gwada fiye da sau hamsin ban sami ko ɗaya da ya gamsar da ni ba. Idan na kunna filashi, sai kuɗin ya fito fari fat babu rubutu. Idan na kashe, sai hoton ya yi dishi-dishi. Idan kuma na danna maɓallin nan mai alamar fure na matsa har kyamarar ta kusa taɓa kwabon, sai inuwarta ta rufe shi, gefensa kuma ya lanƙwashe kamar an hura shi. Shin kyamarar ce ba ta isa ba, ko hannuna ne bai iya ba?

Tsohon Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan tsoho, Ya sa ya huta. Ɗana, kada ka zargi kyamarar, domin a irin wannan aiki ƙaramar kyamara tana da wata falala da manya ba su da ita. Farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa bai fi milimita 6 da ɗoriya ba a mafi yawansu, kuma saboda ƙanƙantar nan zurfin abin da yake fitowa tas a hoto ya fi yawa. Mai babbar kyamara yakan sha wahala kafin ya haɗa saman rubutu da ƙasan fili su fito tare, kai kuwa kyauta za ka same shi.

Kuskurenka shi ne matsawa. Alamar furen nan ta makro ce, wato saitin ɗaukar hoto daga kusa-kusa, kuma gaskiya ne wasu kyamarorin sukan iya saita gani a tazarar santimita 1, amma ba sa yin haka sai lokacin da idon kyamarar yake buɗe a mafi faɗinsa, kuma a nan ne yake lanƙwasa gefen abu. Ga shi kuma ka toshe hanyar haske da jikin kyamarar. Ka bar makro a kunne, ka ja baya kamar taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20, sannan ka zuƙo hoton sannu a hankali har zuwa inda kyamarar za ta ƙi saita gani, sai ka ɗan rage. Nan ne wurin aikinka. Ka kula da zuƙowar da gilashi ke yi da wadda kyamarar ke yi ta hanyar kumbura hoto. Ta biyun ka shiga saiti ka kashe ta ɗungurungum, domin ba ta ƙara komai sai ɓaci.

Jikan Fatake:
Na gode, Baba. Na gwada yanzu, inuwar ta tafi kuma kwabon ya koma da'ira sosai. Sai dai bai cika hoton ba, ya tsaya a tsakiya da fili mai yawa kewaye da shi. Ba zan yi asarar ƙananan rubutun ba kuwa?

Injiniya:
Malam, bari in amsa wannan da lissafi. Hoton megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi. Kwabo mai huji faɗinsa kimanin milimita 31 ne. Ko da kashi biyu cikin uku na faɗin hoton kawai ya cika, ya sami ɗigo 2000, wato kowace milimita ɗaya ta sami ɗigo kusan 65. Harafin da bai fi milimita ɗaya ba zai karantu ba tare da wahala ba. Saboda haka sai ka yanke filin da ya yi saura a kwamfuta. Abin da ke cinye rubutu ba ƙarancin ɗigo ba ne, motsi ne. Da zarar ka kashe filashi a cikin ɗaki, kyamarar takan bar ƙofarta a buɗe na tsawon lokaci don ta tara haske, kuma ko bugun zuciyarka ya isa ya girgiza hoton. Dole ne kyamarar ta zauna a kan wani abu, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa 2 ko 10, ka danna, ka ɗauke hannunka.

Idan ba ka da maɗorin nan mai ƙafa uku, ga abin da na yi a gidana. A ƙasan kusan kowace kyamara akwai ramin noti mai faɗin rubu'in inci, kuma masu sayar da noti a kasuwa suna da irinsa. Na huda wani guntun katako, na ɗaure kyamarar a bakinsa tana kallon ƙasa, na ɗora katakon a kan tarin littattafai, na danne ɗaya bakin da dutsen guga. Idan ina son ƙara tazara sai in ƙara littafi. Domin ka tabbatar kyamarar ba ta karkace ba, ka ajiye ƙaramin madubi a inda kuɗin zai zauna. Idan ka ga idon kyamarar yana kallon kansa daidai tsakiyar allo, to ta daidaita. Ka kuma sauke ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa mafi ƙanƙanta, 80 ko 100, domin ƙananan kyamarori suna saurin cika hoto da yashi-yashi idan aka ɗaga shi.

Malamar Tarihi:
Ina bin wannan zance da sha'awa, kuma ina roƙon mai tambaya ya san abin da yake nema a jikin kuɗin kafin ya danna, domin hoton da ya yi kyau amma ya rasa abin da ake buƙata bai amfani mai bincike ba. Kwabbai da aninai masu huji an fara buga su ne a 1907, kuma na farkon suna ɗauke da sunan Nijeriya tare da Afirka ta Yamma ta Ingila, kafin daga baya a cire sunan Nijeriya. Aninin farko ma da gorar ruwa aka yi shi, wato alminiyom. A fuska ɗaya akwai tauraro mai kusurwa shida da shekara, a ɗaya fuskar kuma akwai kambi, da sunan sarkin Ingila, da darajar kuɗin da rubutun boko da na Larabci. A wannan fuskar ta biyu, daf da hujin, wasu suna da ɗan ƙaramin harafi: H na nufin an buga shi a masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN kuma na King's Norton. Wanda ba shi da harafi yawanci na gidan buga kuɗin gwamnatin Ingila ne. Wannan ɗan harafin shi ne abin da hotunan mutane suka fi ɓatarwa.

Ka duba na 1936 da kyau. A shekarar nan an buga kwabo da sunan Sarki George na Biyar, an kuma buga da sunan Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarauta a Janairu ya yi murabus a Disamba. A Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba, amma a nan ya shiga hannun mutane, tun da kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoton fuskar sarki, suna kawai ake sauyawa. An buga shi da yawa, don haka kada wani ya ruɗe ka cewa ka tsinci dukiya, amma labarinsa ya cancanci hoto mai kyau.

Tsohon Mai Hoto:
Malama ta kawo mu inda aikin yake, wato haske. Rubutun kuɗi tudu ne da kwari, kuma ido ba ya ganin tudu sai da inuwa. Ni dai a wurina babu abin da ya kai hasken taga. Ka ajiye teburinka kusa da tagar da rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye, da hantsi, ka kashe ƙwan lantarkin ɗakin, ka tsayar da farar takarda a ɗaya gefen kuɗin domin ta mayar da ɗan haske ta sassauta inuwa. Daga nan sai ka riƙa juya kuɗin a hankali kana duban allo. Akwai wurin da za ka kai rubutun ya miƙe tsaye kamar yanzu aka buga shi. Da haka na yi wa maƙeran azurfa hoton zobba da warwaro shekara da shekaru.

Injiniya:
Baba, da girmamawa, a nan zan ɗan saɓa maka. Hasken taga yana da taushi, ban musa ba, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mutumin da zai ɗauki kuɗi hamsin gaba da baya hoto ɗari ke gabansa, kuma kafin ya kai rabi rana ta gusa, launin hasken ya sauya, balle a lokacin hunturu da hazo yake mayar da komai ja-ja. Sai ka ga sulalla biyu iri ɗaya sun fito kamar ba ƙarfe ɗaya ba ne. Na fi son fitilun tebur guda biyu masu ƙwai iri ɗaya, a ajiye su sama, ɗaya a inda ƙarfe 10 yake a fuskar agogo, ɗaya a inda ƙarfe 2 yake, a rufa wa kowace farin ƙyalle marar kauri. Idan aka ɗaga su sama kusa da kyamara, fuskar kuɗin takan yi haske, sheƙinsa ya bayyana. Idan aka sauke su ƙasa suna gogar fuskar, tudun rubutu yakan fito, amma kowane ƙarce ma yakan fito fiye da yadda yake a ido.

Tsohon Mai Hoto:
Maganarka tana kan hanya ga mai wutar lantarki tsayayya. Amma na ga mutane suna komawa kan fitilar caji idan an ɗauke wuta, ita kuwa haskenta yana raguwa yana sauyawa yayin da batirin ke sauka, ga shi da shuɗi-shuɗi tun farko. Sannan fitila biyu a kan kuɗin da ya sha hannu ya siɗe sukan kashe inuwar juna, rubutun ya kwanta. Kwabon da ya yi shekara ashirin yana yawo tsakanin mai ƙosai da mai goro fitila ɗaya yake so, daga gefe, ƙasa-ƙasa.

Injiniya:
Na karɓi wannan, Baba. Ga siɗaɗɗen kuɗi fitila ɗaya ta fi. Abin da dai na tsaya a kansa shi ne kada a gauraya hasken taga da na ƙwai a hoto ɗaya, domin kyamara ba ta iya gyara launi biyu a lokaci guda.

Ɗan Kurmi:
Ni ba mai hoto ba ne, amma na tashi a rumfar da ake sayar da kayan tarihi, kuma a yanzu yawancin masu sayenmu hoto suke fara gani kafin su ga kaya. Abin da zan ja hankali a kai shi ne launi, domin a wurinmu launi shi ne shaida. Sule da fataka na 1913 masu hoton bishiyar kwakwa azurfa ne, daga 1920 kuma aka koma buga su da farin ƙarfe mai ruwan rawaya. Kwabo mai huji ya daɗe yana fari kafin a mayar da shi jan ƙarfe a 1952. Idan ƙwan lantarki ya rina farin kwabo ya zama rawaya a hoto, ko kyamara ta wanke jan kwabo ya yi fari, to hoton ya yi ƙarya ko da mai shi bai nufa ba. Na taɓa aika wa wani mutum hoton sule da na ɗauka a ƙarƙashin ƙwai mai jan haske, da kayan ya isa hannunsa sai ya ce ba shi na nuna masa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na mayar masa da kuɗinsa, abin ya daɗe yana damuna.

Sannan don Allah, Jikan Fatake, kada ka goge su. Na san abin da hannu yake fara kaiwa gare shi toka ne da lemun tsami, ko man goge ƙarfe, don su yi ƙyalli a hoto. Duhun da ke jikinsu shekaru ne suka yi shi, kuma da zarar an kankare shi ba ya dawowa, darajar kuɗin ta faɗi. A ƙarƙashin makro kuwa sawun gugar zai fito layi-layi kamar an ja tsintsiya a kan yashi. Ka riƙe su ta gefe, ka hure ƙura da ɗan famfon roba ko ka share da burushi mai taushi, shi ke nan.

Injiniya:
Maganin matsalar launin da Ɗan Kurmi ya faɗa yana cikin kyamarar. A saitin daidaita fari akwai zaɓin da mutum yake nuna mata farar takarda a ƙarƙashin hasken da zai yi aiki da shi, ya danna, ta riƙe wannan a matsayin fari. A yi haka sau ɗaya a farkon aiki, kada a sake taɓa fitilun. Akwai kuma wani tarko: idan ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashin kuɗin, kyamarar za ta ɗauka wurin ya yi duhu ta ƙara haske, sai azurfar ta ƙone ta zama fara babu zane. Ka nemi maɓalli mai alamar ƙari da ragi ka rage da mataki ɗaya ko kaso biyu cikin uku na mataki. Wurin da ya ɗan yi duhu ana iya farfaɗo da shi a kwamfuta, amma wurin da ya ƙone ya tafi ke nan. Idan kyamararka tana barin ka zaɓi girman ƙofar haske, kada ka tsuke ta zuwa lamba 8 a saitinta da zaton za ka ƙara kaifi. A ƙaramin faranti irin wannan tsukewa da yawa laushi take kawowa, wajen 4 ya fi.

Baƙo Daga Damagaram:
Ina gaida dattawan zaure. Tambayata a kan sababbin kuɗi ce masu ƙyalli. Ina tara tsabar sefa, har da ta dala ɗari mai ƙarfe biyu, kuma duk yadda na juya fitila sai fuskar ta fito baƙa, ko kuma in hango kyamarar kanta a cikinta. Wayata ma haka take yi mini.

Tsohon Mai Hoto:
Sannu da zuwa, Malam. Sabon kuɗi madubi ne, abin da ke gabansa yake nunawa, kuma abin da ke gabansa baƙar kyamara ce. Hanya mai sauƙi ita ce ka huda farin kwali daidai idon kyamarar ka saka shi a gabanta, ka haska kwalin, sai kuɗin ya nuna fari maimakon baƙi. Hanya ta biyu ta fi wuya amma ta fi kyau. Ka samo gilashin firam ɗin hoto mai tsabta, ka jingina shi a karkace tsakanin kyamara da kuɗin, rabin kusurwar murabba'i, wato digiri 45. Ka haska fitila daga gefe ta bugi gilashin. Wani kaso na hasken zai karyo ƙasa ya sauka a kan kuɗin daga sama tsaye, kamar daga cikin idon kyamarar ya fito. Ka sa baƙin ƙyalle a bayan gilashin ya shanye sauran hasken, ka kuma kare kuɗin da ɗan kwali kada fitilar ta same shi kai tsaye. Fili zai yi haske, gefen kowane harafi ya yi duhu. Naira biyu ta 2007 mai hoton Majalisar Tarayya da wannan hanya na ɗauke ta. Wayar kuwa idonta faɗi ne da shi, dole ka matsa, shi ya sa take ganin kanta. Kyamarar da ke iya tsayawa nesa ta zuƙo da gilashi ta fi ta a nan.

Malamar Tarihi:
Game da babbar azurfar nan ta 1780, ina kyautata zaton dalar Maria Theresa ce ta ƙasar Ostiriya, wadda iyayenmu suke kira liyari, mata kuma suke ratayawa a wuya. Shekarar kada ta ruɗe ka, domin sarauniyar ta rasu ne a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗaya har tsawon zamani, a gidajen buga kuɗi dabam-dabam, fatake kuma suka yi ta ketowa da ita hamada zuwa Borno da ƙasar Hausa. Nauyinta kimanin giram 28 ne. Tana da rubutu a kewayen bakinta, don haka hoto biyu ba su ishe ta ba, sai ka tsayar da ita ka ɗauki gefen. Ina kuma ba da shawara kowane kuɗi ya sami hoto ɗaya da rula a gefensa, da lamba a ɗan guntun takarda, ka rubuta a littafi abin da dattawan gidanku suka tuna game da shi tun suna nan.

Jikan Fatake:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na kwana biyu ina gwaji, ga abin da na samu. Na yi katakon Injiniya, na daidaita da madubin kwalliyar maiɗakina, tazarar ta tsaya a santimita 18. Da safe na bi hanyar Baba ta taga ga siɗaɗɗun kwabbai, da dare kuma na gwada fitila biyu a kan sulalla. Wata matsala ta ɓullo wadda ba a ambata ba: na ɗora kwabon a kan murfin kwalba domin ya rabu da ƙyallen, sai launin murfin ya leƙo ta hujin. Na ɗauko gilashin firam na ɗora shi a kan kofuna biyu, kuɗin a samansa, baƙin ƙyalle can ƙasa, sai hujin ya fito baƙi wuluk, zaren ƙyallen ma bai fito ba.

Malama, a cikin kwabban akwai biyu na 1936, kuma ɗaya na Edward ne, da H ƙarama a ƙarƙashin hujin, wadda ban taɓa lura da ita da ido ba sai da na buɗe hoton a kwamfuta. A jikin liyarin kuma na ga sawun walda a sama, inda aka taɓa liƙa masa marataya. Na nuna wa gwaggona hoton, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce na mahaifiyarsu ne, da shi aka kai ta ɗaki. Gefen liyarin ne har yanzu ya gagare ni, domin idan na tsayar da shi kyamarar sai ta saita gani a kan ƙyallen da ke ƙasa.

Tsohon Mai Hoto:
Ka matse shi tsakanin littattafai biyu masu kauri ɗaya, bakinsa ya yi daidai da saman bangonsu, domin kyamarar ta sami fili mai faɗi da za ta kama a tazara ɗaya da rubutun. Ka sa ƙyalle mai taushi tsakaninsa da littattafan. Ka mayar da akwatin saita gani zuwa ɗigo ɗaya na tsakiya, ka sauke fitila ɗaya ƙasa ta bi tsawon bakin, ka ɗauka, ka juya shi kaɗan, ka sake ɗauka. Hoto biyar ko shida za su zagaye shi. Idan ka kai wurin waldar ka ɗauke ta daban, ka turo mana mu gani.